Buga lamba da zane a riga a gida: sauƙi ne ko asarar riga?

Kyaftin na Gwammaja: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna da gasar ƙwallo ta unguwanni wata mai kamawa, yaranmu su 18 ne, kuma karo-karon da muka yi da ƙyar zai sayi rigunan. Na leƙa wajen masu bugawa, sai na tarar kuɗin sa lamba a baya da sunan kulob a ƙirji ya kusa kamo kuɗin rigar kanta. Wani ya ce min ana yi a gida da kwali da fenti. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana tsakani da Allah, abin yana zama ko wanki ɗaya ne ya tafi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Kyaftin, araha ba ta ado. Ku ƙara zagaya iyayen yara kawai.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena kada Ɗan Kwari ya karya maka gwiwa, yana zama ƙwarai. Ni da haka nake yi wa yara rigunan anko in ana biki a dangi, har maƙwabta suna kawo nasu. Amma kafin komai, rigunan naku na auduga ne ko jesi ce ta roba?

Kyaftin na Gwammaja: Anti ba mu saya ba tukuna. Niyyarmu mu shiga Ƙofar Wambai mu tsinto gwanjo masu kala ɗaya, in ba su cika ba mu ƙarasa a Kwari.

Maman 'Yan Biyu: Madalla da ba ku saya ba. Ku nemi auduga, ko wadda audugarta ta rinjayi robar, domin ita ce take shan fenti ya kama zaren. In takardar wuya ta goge ba a karanta ta, ka zaro ɗan zare daga cikin kalmasa ka kusanta masa ashana. Auduga za ta ci da warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

In kun kawo, a wanke su duka a shanya, har sababbin, don akwai sitacin kamfani a jikinsu da yake hana fenti kamawa. Sai a goge su lafe.

Sitensil ɗin kuma, wato abin da ake yanke siffar lambar a jikinsa a ɗora a riga a bi da fenti, ban da kwali. Kwali yana shan ruwan fenti, kafin ka yi riga huɗu bakinsa ya yi laushi, layin ya fara karkacewa. Ka je shagon masu fotokwafi ka sayi wannan farar ledar mai kauri da suke sawa a bangon takardun ɗalibai. Ka sa su buga maka lambobin manya, kowace lamba ta cike takardar A4 guda, tsawonta ya kusa santimita 30, daidai bayan riga ke nan. Ka shimfiɗa ledar a kan takardar, ka manne gefe da gefe da salatif, ka bi layin da sabuwar reza a kan gilashi ko tayil. Reza in ta dakushe ka canza, kada ka yi mata rowa, ita ce take sa baki ya yi kaca-kaca.

Wajen sa fentin a nan mutane suke ɓata aiki. Ka zura kwali a cikin rigar don kada ya huda zuwa gaba. Ka yanko soson tsohuwar katifa, ka dangwala fenti, ka daddanna a kan wata takarda har ya kusa bushewa, sannan ka zo kan rigar kana dannawa kana ɗagawa. Ba a gogawa. Da ka goga, ka tura fenti ƙarƙashin leda ke nan. Gara ka yi shafi biyu marasa kauri da ka labta sau ɗaya.

Kyaftin na Gwammaja: Allah ya saka da alheri Anti, na kwafe wannan. Akwai ragowar fentin mai da aka yi ƙofar gidanmu da shi, fari ne, zai yi?

Maman 'Yan Biyu: A'a! Ka bar wa ƙofa kayanta.

Ɗalibar Zane: Yaya Kyaftin, fentin mai in ya bushe tauri yake, riga kuma miƙewa take tana dawowa, to dole ya tsage ya riƙa ɓarewa, ga zoben maiƙo da yake bari a kewayen zanen. Fentin ruwa na bango shi kuma sabulu ne ajalinsa. Abin da za ka tambaya shi ne fentin yadi, ana samu a shagunan kayan zane da na littattafai a Sabon Gari, irin su Fevicryl na Indiya. In fentin akirilik na zane kaɗai ka samu, akwai ruwan da ake haɗa shi da shi don ya yi laushi a yadi, ma'aunin haɗin yana jikin kwalbar, kowane kamfani da nasa.

Ogan Firintin: Ina ta karatu ina dariya. Ni sana'ata ce wannan, don haka duk wanda zai ce kare cinikina nake yi ya faɗa, amma bari in faɗi abin da Hajiya ba ta faɗa ba. Lamba 0 da 4 da 6 da 8 da 9 duk suna da ciki. In ka zagaye da reza, cikin faɗowa zai yi, sai ka samu baƙin dunƙule maimakon 8. Dole ka bar 'yan gadoji da za su riƙe cikin. To waɗannan gadojin su ne suke fallasa aikin gida, yaro ya shigo fili bayansa kamar lambar jikin A Daidaita Sahu. Haka harafin A da B da D da O da R. Sunan kulob ɗinku in yana da ɗ ko ƙ ko ɓ mai lanƙwasa, wannan 'yar ƙugiyar ma sai mai haƙuri yake yanke ta ba ta yage ba.

Ɗan Kwari: Oga ka gama magana. Wallahi ana ganewa tun daga bakin fili.

Maman 'Yan Biyu: Oga ban ɓoye ba, ban iso wajen ba ne. Gadoji ai ba aibu ba ne, cike su ake yi. In ka ɗaga leda fentin ya sha iska, sai ka ɗauki ƙaramin buroshi ka toshe gurbin, minti ɗaya ba ya kaiwa. Wanda ya iya, sai ka sa ido sosai kafin ka gane.

Ɗalibar Zane: Kuma akwai hanyar da ba ta buƙatar gada sam. Sitika, irin wadda masu allon talla suke yankawa. Ka yanke zanen, ka manna a riga, cikin 8 ɗin ma ka manna shi a gurbinsa shi kaɗai. Da yake ta kama yadin ko'ina, fenti ba ya samun hanyar shiga ƙasa, bakin yana fita tas. Illarta sau ɗaya ake amfani da ita, in ka ɓare ta miƙe. Ga lambobi ba matsala tunda kowane yaro da tasa. Ga sunan kulob da za a maimaita sau 18, leda ta fi.

In da leda za ka yi lambobin, ba sai ka yanka 18 ba. Daga 0 zuwa 9 ne kawai, kuma 6 in ka juya ta kai ƙasa ta zama 9, saura tara. Sai dai 1 ka yanka biyu, don ita za ta fi shan wahala, daga 10 har 18 tana ciki, kuma a 11 kana son ka ga tazarar da idonka. Ka ninke rigar biyu ka ja layin tsakiya da allin tela, ka auna tazara ɗaya daga wuya a kan dukkansu, in ba haka ba in suka jeru ɗaukar hoto wata lambar tana kafaɗa wata tana ƙugu.

Ogan Firintin: Ƙanwata kin yi karatun abin, na ji a bakinki. To amma a yi lissafin gaskiya. Leda, reza, fenti, salatif, kuɗin mota zuwa Sabon Gari da dawowa, riga ɗaya ko biyu da za su lalace wajen koyo, sannan wuni biyu na mutum. Ni in na ɗaura sunan a kan firem na siliki da muke bugu da shi, na ja fenti sau ɗaya riga ta fita, 18 ba za su ɗauke ni awa guda ba. Mutane suna ganin tsadarmu ne don ba sa sa wa lokacinsu kuɗi.

Kyaftin na Gwammaja: Oga lokaci kam muna da shi har ya yi yawa, kuɗin ne babu. Yara 18 ne zaune a layi bayan la'asar.

Ogan Firintin: To na sallama a nan. Ƙasa da riga 20, kala ɗaya, rubutu manya, ku yi abinku. Amma in ya kai 50 ko 100, ko tambari mai ƙananan rubutu, ko kala uku, duk wanda ya ce muku soso zai yi ya cuce ku. Mu ma abin da yake sa ƙaramin aiki tsada shi ne haɗa firem ɗin, kuɗinsa ɗaya ne ko riga 5 ko 500.

Sannan ga nasiha kyauta. In kun shiga shagon kayan firintin, kada a sayar muku da fentin filastisol don an ce shi ne mai kyau. Mai kyau ne, amma ba ya bushewa da iska ko zai kwana bakwai a rana, sai ya ji zafin da ya kai wajen digiri 160. Ku ce mai ruwa kuke so.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya biya ka Oga, wannan ita ce magana. Kuma ko mai ruwan ma sai da guga. Duk wanda ya ce ya yi a gida wanki ɗaya ya tafi, ka bincika, bai goge ba. A bar rigar ta kwana ta bushe ƙarau, a ɗora farin ƙyalle a kan zanen, a goge minti 3 zuwa 5 ana yawo da dutsen, ban da yayyafa ruwa. Dutsen gawayi ma yana yi in babu wuta, sai dai a kula da tartsatsi. Kada a wanke sai bayan kwana 3, kuma a riƙa juya ta ciki waje, a daina murza wajen zanen da buroshi.

Yanzu da ake hunturu fenti yana saurin bushewa, wanda ya yi daɗi, amma yana bushewa a soso da bakin leda ma. Ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kana goge bayan ledar bayan kowace riga. Kuma a ɗaki za ku shanya, in kun kai tsakar gida ƙura za ta manne a jiki tun yana ɗanye.

Kyaftin na Gwammaja: Wata tambayar. Yaran sun dage sai koriyar riga da rubutu ruwan ɗorawa, irin na Sai Masu Gida.

Ɗan Kwari: Ku fara cin wasa ɗaya tukuna kafin ku ari kalar Pillars.

Ɗalibar Zane: Ruwan ɗorawa a kan kore mai duhu ba ya fita, koren yana hudo shi ya koma wata kala marar daɗi. Sai ka fara sa fari, ya bushe, ledar tana nan ba ka motsa ta ba, sannan ka bi da ruwan ɗorawan. Aiki biyu ke nan da fenti biyu. Da ni ce, riga ruwan ɗorawa zan saya in buga kore a kai, shafi ɗaya ya wadatar. Duhu a kan haske kullum ya fi araha.

Ogan Firintin: Kuma in kuka ƙi ji kuka sayi jesin roba, musamman ja, kuka sa fari kuka ɗora dutse, rinin rigar tasowa yake ya shiga farin, bayan kwana biyu lambar ta koma ruwan hoda. Mu kanmu sai da fenti na musamman muke tsallake wannan. Ga shi roba ba ta jure zafin da fentin yake so.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. Ina bin bayanan, kuma mu ma za su amfane mu lokacin sauka. Tunatarwa ɗaya gare ni. Na sha ganin an buga aya ko sunan Allah a rigar yara don neman albarka. Yaro zai shiga banɗaki da ita, zai yi birgima a ƙasa, za a jefa ta cikin kayan wanki, in ta tsufa ta zama tsumman goge-goge. Sunan makaranta da shekara sun isa. Ko sunan kulob ne, a duba kada ya ƙunshi sunan Allah.

Kyaftin na Gwammaja: Allah ya gafarta Malam, namu sunan layinmu ne kawai.

'Yar Hotoro: Malam to ajami fa, in ba aya ba ce? Ni ina sha'awar in sa sunan ɗiyata da ajami a rigarta.

Malamin Islamiyya: Malama in sunan bai haɗa da sunan Allah ko na Manzo ba, ni dai ban ga laifi ba. Wasu malaman suna ƙin a wulaƙanta harafin Larabci ko me aka rubuta da shi, don haka in ta tsufa a adana ko a ƙone.

Ɗalibar Zane: Anti ta fuskar yanka kuma ajami ya fi boko wuya, don haruffan a sarƙe suke, ledar tana yin rauni a dogon layi. Ɗigo da wasali kada ki ce za ki yanka, ki sa su da bakin tsinken ashana daga baya. Rubutun allo mai kauri, irin na warash, ya fi dacewa da sitensil a kan siririn rubutu.

Ni abin da yake ba ni mamaki ma, kowa ya tashi sai tambarin kulob ɗin Turai, alhali zanenmu na gida kamar don sitensil aka yi shi. Dagin Arewa, duk inda igiya ta bi ta ƙarƙashin 'yar'uwarta dama akwai yankewa, gadar ta zama cikin zanen, babu abin cikewa. Aska biyu da aska takwas na babbar riga kuwa miƙaƙƙun layuka ne, da rula da reza an gama.

Ɗan Kwari: Aska takwas a tishat? Masu ɗinkin hannu da suke wata da watanni a kan riga ɗaya su ji ki.

Ɗalibar Zane: Yaya ai keken sufa ya riga ni, kuma a Kwari ake sayar da abin da ya ɗinka.

Admin: A dawo kan batu don Allah. Kuma masu turo lambar waya da tallan shago, ku bi ta akwatin sirri, na goge guda biyu.

'Yar Hotoro: Ni kuwa na ga wata ta yi ba fenti ko ɗigo. Baƙar riga ce, ta ɗora sitensil ta fesa Hypo, wajen ya koma ruwan ƙasa mai haske. Ya yi kyau ƙwarai.

Maman 'Yan Biyu: Ana yi, kuma shi ba ya tsagewa tunda cire kala aka yi ba ƙarawa ba. Amma 'yar'uwa ba aikin yara ba ne. A surka shi da ruwa rabi da rabi, a yi a waje inda iska take, da safar hannu. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da suke fitarwa guba ce. Da kala ta juya a tsoma rigar a ruwa a ɗauraye sosai, in aka bar shi cin zaren yake, bayan 'yan wanki wajen ya huje. A kan roba kuma ba ya aiki. Sannan ba ke kike zaɓar kalar da za ta fito ba, wata baƙar ta ba da ja-ja, wata ruwan toka. Gwanjon da aka tsinto daga dila daban-daban kowace da abin da za ta fitar, don haka bai dace da rigunan Kyaftin ba.

Jikan Marina: Na daɗe ina kallonku. 'Ya'yana, kuna zaune a garin da marinar Ƙofar Mata take tun 1498, kuna ta zancen fentin kwalba. Wannan yankan da kuke kira sitensil, Yarabawan Abekuta sun daɗe suna yinsa a adire. Falle na kwano suke yankewa, su ɗora a farin yadi, su shafa kunun rogo mai kauri ta cikin ramukan, ya bushe, sannan a tsoma a baba. Inda kunun yake rini ba ya shiga. In an kankare sai zane ya fito da haske a kan shuɗi. Mu a nan ɗauri da ɗinki muka fi yi, mata su ƙulle a gida a kawo mana karofi, amma rinin ɗaya ne, baba da toka da kanwa. Irin wannan ba ya ɓarewa don ba a saman yadin yake ba.

Ogan Firintin: Baba ranka ya daɗe, ba ya ɓarewa amma yana zuba. Yaro ya yi gumi minti 90, ya cire riga jikinsa ya yi shuɗi.

Jikan Marina: Wankin farko da na biyu ne, ɗana. Kuma Buzaye kuɗi suke biya don wannan zubar. Ban ce 'yan ƙwallo su yi ba, ga masu son rigar ado nake faɗa.

Ɗalibar Zane: Baba ni ina so in gwada. Ledar fotokwafi za ta iya maye gurbin kwanon? Kuma kunun ba ya narkewa a cikin karofi?

Jikan Marina: Za ta yi, in dai kunun ya yi kauri ba ya gudu. Ki bar shi ya bushe sosai kafin ki kawo. Narkewa kuwa yana yi in an jiƙa shi da yawa, shi ya sa ba a barin irin wannan ya daɗe a ciki. A tsoma a hankali a ɗaga, ba a cuɗawa. Za ki ga ya fito kore-kore, kada ki tsorata, iska ce take mai da shi shuɗi. Ya sha iska a sake tsomawa, har ya kai duhun da kike so.

'Yar Hotoro: Baba to farar tishat ta kanti za ta karɓi baba kuwa?

Jikan Marina: In auduga ce za ta karɓa. Sai dai ki sani, yawancinsu da zaren roba ake ɗinka su, shi kuma ba ya shan baba. Rigar za ta yi shuɗi, ɗinkin wuya da na hannu su tsaya fari. Wasu suna so haka, wasu ba sa so. Ki fara kawo tsohuwa guda ɗaya a gwada a gabanki, da safe kafin rana ta yi zafi.